Kaza Ta Dubi Ƙasa

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

Yaya, har yau ban faɗa wa Auta babanta ya rasu ba. Tana gidanki aka yi jana'iza, da ta dawo na ce ya yi tafiya. Bakina ne ya yi nauyi.

Kin san yadda marigayi Malam yake koya wa 'yan ajinsa waƙa. Sai ya ce su rufe ido su kasa kunne, ya rera, ya tsaya kafin kalmar ƙarshe, su cika. Ya ɗauki wasu waƙoƙin da muryarsa a wayarsa. Akwai wadda yake cewa "Kaza ta sha ruwa ta dubi…" sai ya yi shiru, can ya ce "Madalla!" Kullum Auta tana kan tabarmar tsakar gida da wayar, ido a rufe, tana ihun "sama!" In ya ce madalla sai ta yi tsalle, wai Baba ya ji ta. Ni kuwa ina wanke-wanke ina cewa ƙwarai, ya ji ki. Allah ya yafe mini.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Maman Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan jiki ya yi sauƙi.

Abin da nake gudu ya faru. Jiya yarinyar nan da tsokanarta ta ce bari ta ja Baba, da ya tsaya sai ta ce "ƙasa!" tana ƙunshe dariya, tana jira ya ce mata ja'ira kamar da. Sai ya ce madalla. Ta sake, ya sake. Ta buɗe ido ta dube ni, ta ce Mama, Baba ba ya jina.

Na ajiye kwanon hannuna na faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko tun tuni na sani, na ce e. Ta miƙo mini wayar ta shige ɗaki.

Da safe ta ce ni in rera mata. Kin san muryata, ko akuya ta fi ni. Na rera, na tsaya, ta ce "ƙasa", idonta a kaina. Na ce ba daidai ba ne. Sai a lokacin ta fashe da kuka, ta faɗo jikina.

Ki sa mu a addu'a, Yaya.

Taki har kullum,
Maman Auta