Kwana Tara Baba Bai Dawo Ba

Kaloleni, Nairobi
Litinin, 10 ga Afrilu, 1989

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Kageha,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki. Yaya nauyin jiki? Yaya zafin Lodwar da aikin asibiti? Kin ce ƙafafunki sun fara kumbura. Don Allah ki riƙa samun wuri kina zama, wata takwas ba wasa ba ne.

Dada, yayata, wannan ce takarda ta uku da na fara, biyu na yage. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Baba ya fita tun ranar Alhamis, har yau bai dawo ba.

Na ɓoye miki abubuwa, ki yafe mini. Mantuwar da kika gani lokacin Kirsimeti ta wuce nan sosai. Yanzu yakan kira ni da sunan marigayiya Mama, ya tambaye ni ko na shayar da ke. Ran Alhamis na bar shi wurin maƙwabciyarmu Mama Atieno na tafi ofis. Hadari ya taso, ta fita kwashe shanya, kafin ta dawo ɗaki wayam. Ya yi aski, ya sa kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa da malafar zuwa coci. Maganinsa yana nan kan tebur.

Na kai rahoto wurin 'yan sanda. Na buga waya garinmu, ba wanda ya gan shi. Na bi asibitoci biyu gado gado. Ruwa kuma tun ranar bai ɗauke ba, duk lokacin da ya tsuge sai in ji kamar a kaina yake zuba.

Ran Asabar, ban san me ya kai ni ba, sai na tsinci kaina a ƙofar kantin littattafan Mista Raichura, inda Baba ya yi shekara ashirin da biyu yana ɗinke littattafai. Kin tuna wurin? Yana nan yadda muka san shi, duhu duhu, littattafai har rufi, ga warin tsohuwar takarda da gam. Tsohon ya rame, tabarau biyu yake ɗorawa. Ina nuna masa hoto ya ture hannuna.

Ya ce, "Ni za ki nuna wa Kisia? Ai shekaranjiya yana nan. Ya shigo ya rataye kwat ɗinsa a ƙusar da ya saba, ya ce mini, 'Maigida, a gafarce ni, na makara.'"

Na ce, "Shi ne ba ka riƙe shi ba?"

Ya ce, "'Yata, na ɗauka zolayata yake. Na ce masa lallai ka makara, da shekara goma sha ɗaya. Bai yi dariya ba. Ya zauna a bencinsa, ya jawo wani ƙamus da bayansa ya ɓalle, ya nemi allura da zare."

Ya ɗauko mini ƙamus ɗin. Dada, ki ga ɗinki. Mutumin da ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa, ga zare ya jeru kamar an auna. Na rungume littafin ina kuka a gaban masu saye.

Da yamma ta yi a ranar, wai sai Baba ya miƙe ya nemi izinin tashi da wuri, ya ce suna da ɗaukar waƙa a River Road, abokansa na jira. Kin san rabon Baba da jita tun kafin in yi wayo. Ashe shi ba a Nairobin da muke ciki yake yawo ba, a ta ƙuruciyarsa yake. Ni kuwa ban san wannan garin ba.

Na ɗauki hutu a ofis. Gobe zan shiga River Road kanti kanti. Kada ki ce za ki hau mota a wannan halin, hanyar ba ta mai ciki ba ce. Ki dai yi addu'a.

Ki gaida maigidanki.

Taki ƙanwa,
Muhonja

Kaloleni, Nairobi
Alhamis, 13 ga Afrilu, 1989

Yayata Kageha,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kina lafiya, da abin da ke cikinki. Ni jikina lafiya, sai dai abinci ba ya wucewa. Mama Atieno takan tuƙo ugali ta kawo, ta tsaya a kaina sai na yi loma uku. Ita ma ta rame, tana ganin laifinta ne.

Yau mako guda. Ba a gan shi ba.

Kwana uku ina River Road. Ban taɓa sanin kantunan kiɗa sun kai haka yawa ba, kowa da lasifikarsa a bakin ƙofa, wannan na benga, wancan na rumba, kunne har ya gaji. Yawancinsu kaset suke sayarwa yanzu. In na ce Kisia Lugalia, mai jita, sai su dube ni su girgiza kai. Wani ya ce mini, "'Yar'uwa, in mawaƙi ne da gaske ai da mun ji shi." Ni kaina ban san waƙarsa ko ɗaya ba. Mama ba ta son zancen, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba.

Ran Talata aka kwatanta mini wani kanti a lungu, bayan masu gyaran rediyo, inda har yanzu ake sayar da faifan garmaho. Mai wurin wata mata ce mai jiki, Mama Gathoni, da furfura da muryar maza. Na faɗi sunan ke nan ta ajiye kofin shayinta.

Ta ce, "Ke 'yarsa ce? Ai goshin ya nuna. Ran Juma'a ya zo nan jiƙe sharkaf, ba malafa. Yana ta neman matakalar hawa sama."

Ashe a saman kantin nan ake ɗaukar waƙa a da. Yanzu teloli ne a wurin. Ta ce ya hau ya tarar da kekunan ɗinki, ya tsaya yana kallonsu, sannan ya sauko yana tambaya ko an canja ranar ne ba a gaya masa ba. Ta ba shi shayi da mandazi biyu. Ta juya ta sallami wani mai saye, ko da ta waiwayo ba ya nan.

Ta ce, "Da na sani da na ɗaure shi da zanina. Ubanki fa ya sa mun kashe takalma a gidajen rawa, ni da ƙawayena. Kuma ko kallonmu ba ya yi, sai uwarki."

Ta rubuta mini wuraren da suka saba zuwa. Na je zauren rawa na Pumwani, na tarar ana koyar da dambe a ciki. Na je bayan gidan wasan kwaikwayo, inda tsofaffin makaɗa ke zama ƙarƙashin bishiya. Sun san shi, har ɗaya ya kwaikwayi yadda yake karkata kai in yana kiɗa, amma ba wanda ya gan shi. Na bi masu baza tsofaffin littattafai a gefen titi. Daga Juma'a sawunsa ya ɗauke.

Yanzu ga abin da nake ta kewaye kewaye kafin in rubuta. Jiya da hantsi ina kantin Mama Gathoni, wani mai tura kura ya leƙo ya ce an tsamo wani dattijo daga kogi, ta wajen Gikomba, da kwat a jikinsa. Kin san yadda kogin nan ke cika da damina, kuma tsakaninsa da kantin tafiyar minti biyar ce. Mama Gathoni ta rufe kantinta da rana tsaka, ta riƙe hannuna har mutuware.

Ke ma'aikaciyar asibiti ce, kin saba. Ni ban taɓa shiga ba. Ma'aikacin ya ce in fara duba ƙafa, in ban gane ba sai a buɗe fuska. Ya ɗaga mayafin. Yatsun ƙafar guda goma ne cif. Kin san ƙaramin yatsan Baba na hagu da aka yanke. Ba shi ba ne.

Dada, dariya na yi. A tsaye a gaban gawar uban wasu, dariya ta kuɓuce mini, na kasa tsayar da ita sai da Mama Gathoni ta fitar da ni. Har yanzu kunya nake ji. Kuma ma'aikacin ya ce in riƙa leƙowa duk bayan kwana biyu, don ruwa bai gama ba.

Ina tsoron kogin. Ina tsoron motoci, don yana tsallaka titi kamar lokacin da ba su da yawa. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne, wataƙila yana nan kusa, a wani lungu, yana jin yunwa, kuma ko an tambaye shi sunan 'ya'yansa ba zai iya faɗa ba.

Mama Gathoni ta ce in dawo gobe, akwai abin da take so ta gwada. Ban sa rai ba.

Ki kula da kanki.

Ƙanwarki,
Muhonja

Kaloleni, Nairobi
Lahadi, 16 ga Afrilu, 1989

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san saƙon da na bari ta wayar asibitinku ya iso gare ki, don haka hankalinki ya kwanta. Yana gida. Yana barci a kujerarsa yanzu haka, ina kallonsa ina rubutu. Bari in ba ki labarin yadda aka yi.

Mama Gathoni ta kwashe yini tana tonon akwatunan da ke bayan kanti, har ta samo faifansa guda ɗaya, ɗan ƙarami, na shekarar 1964, da sunansa a jiki. Waƙa ce a kan jirgin ƙasan da ke kai mutanenmu gida. Ta sa aka juye ta a kaset goma sha biyu, ta bi kantunan layin da kanta tana rabawa. Wani ya ce wannan tsohon yayi zai kore masa masu saye. Ta ce, "Lokacin da ubanka ya kawo ka layin nan da majina a hanci, wa ya ba ka kujera? Sa kaset ɗin, kada in tuna wasu abubuwan a gaban mutane." Ya sa.

Ran Juma'a tun safe har la'asar waƙar nan ce ke tashi daga wannan ƙofa zuwa waccan. Karon farko ke nan da na ji muryar Baba yana saurayi. Siririya ce, da wasa a cikinta. Na yi ta sintiri ina duba fuskoki. Bai zo ba.

Jiya Asabar aka sake. Wajen ƙarfe uku an fara yayyafi, wasu sun gaji sun koma kiɗansu, ni ma na zauna a kan akwati na haɗa kai da gwiwa. Sai Mama Gathoni ta taɓa kafaɗata.

Yana tsaye a gaban lasifikarta, ya karkata kai. Ba kwat, ba malafa, gemu ya fito fari fat. Ya rame har wandon na neman zamewa. Na tashi zan ruga, ta damƙe ni ta ce, "A hankali, kada ki firgita shi."

Na matsa kusa da shi na tsaya. Ya saurara har waƙar ta ƙare, sannan ya juyo ya ce mini, "Yaron nan yana da hannu, amma yana gaggawa. Wani ya gaya masa ya rage gaggawa."

Na ce, "Baba, ai kai ne."

Ya yi murmushi irin na ladabi, wanda yake yi wa baƙi a coci. Ya ce, "'Yan mata, ke 'yar gidan wa ce?"

Dada, kwana tara ina shirya abin da zan yi in na gan shi. Ban shirya wa wannan ba. Ko sunan Mama bai kira ni da shi ba. Sai na ce ni 'yar Kaloleni ce, gida zan tafi, ko zai taimaka ya raka ni don ina tsoron tsallaka titi. Nan da nan ya gyara tsayuwa ya miƙo mini hannu. Haka muka taho har tashar motocin matatu, yana tsayar da motoci da ɗaya hannun, yana ce mini kada in ji tsoro.

Likita ya duba shi, ya ce ƙirjinsa ya ɗan kama, sai yunwa. Da nake masa wanka na ga takalman ƙafarsa ba nasa ba ne, sun fi ƙafarsa girma, an cusa jarida a ciki don su zauna. A gwiwar hannunsa akwai ciwo, an wanke an ɗaure da tsumma mai tsabta. Na tambaye shi inda ya kwana, ya ce a wurin aiki. Wani ya ciyar da ubanmu ya ba shi takalmi, kuma ba za mu taɓa sanin ko wane ne ba.

Kafinta ya zo da safe ya sa wa ƙofa sakata ta sama, inda hannun Baba ba ya kaiwa. Yana kallo ana bugawa, ya tambaye ni ko ɓarayi sun dame mu ne. Na ce e. Ban taɓa jin na ƙi kaina kamar lokacin ba. Tsoron bai tafi ba, Dada. Ko bayi na shiga sai in bar ƙofa a buɗe ina kasa kunne.

Mista Raichura ya aiko cewa bencin yana nan, in riƙa kawo shi duk Asabar, akwai littattafai da yawa masu neman ɗinki. Zan kai shi, in zauna a bakin ƙofa har ya tashi.

In kin sauka lafiya, kada ki jira sai jaririn ya yi ƙwari. Da zarar likita ya yarda ki hau mota, ki zo. Ɗazu na nuna masa hotonki na ce wace ce wannan, ya ce, "Kageha ce mana." Har yanzu yana da sunanki. Ki zo tun yana da shi.

Ki gaida maigidanki, Mama Atieno ma tana gaishe ki.

Taki har kullum,
Muhonja