Goyon Gatari

Haɗeja, ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya sa ambaliyar bana ba ta taɓa muku shinkafa a Kirikasamma ba.

Yaya, na yi abin kunya jiya, kuma ke zan fara faɗa wa.

Kin san rantsuwata game da ɗan nan naki, ɗan farina, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba tun ranar suna. Tun da na gan shi a fim ya fito da sunan Gatari ya shaƙe dattijo, matan islamiyya suka koma ce mini Uwar Gatari, na rantse da Allah ba zan ƙara kallonsa a fim ba. Ya rarrashe ni cewa wasa ne, na ce ban haifi mai wasa da wuyan tsofaffi ba. Daga nan ƙafarsa ta ɗauke daga gida. Ko da ya aiko kwanan baya cewa matarsa ta kusa haihuwa, in zo Kano, ban ba da amsa ba.

Jiya bayan la'asar na shiga gidan Malama Naomi, maƙwabciyata 'yar Filato, don in mayar mata da rariya. Na tarar da yara cike da falo suna ta ƙyaƙyata dariya. Sai na ji muryarsa. Ashe sabon fim ya yi na barkwanci: ƙaton da gari ke tsoro, matarsa ta yi tafiya ta bar masa jariri.

Da na tafi, da ya fi. Amma na juya wa talabijin baya, na ce wa raina ido na rantse a kansa, ba kunne ba. Dubi irin wayon da nake yi wa Ubangijina.

Can jaririn ya tsala kuka, irin kukan da ba na wasa ba. Ban san lokacin da na waiwaya ba. Ga shi nan, ƙirji kamar ƙofar zaure, ya goya yaro da zani ɗaya ba majanyi, ya ƙulle a ciki maimakon ƙirji. Yaron yana zamewa, kansa yana lilo. Shi kuwa gumi yake yi, idonsa irin na ranar da ya ɓatar mana da akuya yana ƙarami.

Yaya, na ɗaga murya na kira shi da sunansa na yanka, na ce ya tallabe kan yaron. A gaban yara, ni da furfurata. Yaran suka fashe da dariya. Naomi kaɗai ce ba ta yi ba. Ta matso mini da kujera.

Ina tambayar kaina: waiwayen da ba a yi niyya ba, yana karya rantsuwa? Ki tambayar mini Malam.

Ƙanwarki,
Mairam.

Haɗeja, ranar Asabar.

Yaya Safara'u,

Ina gaishe ki da kyau. Na ji ƙafa ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Amsar Malam ta iso, cewa babu laifi a kan abin da ya kuɓuce wa mutum. Ki yi masa godiya, amma ki ce masa tambayata ba ta cika ba. Na ɓoye muku cewa na zauna a kujerar. Na kalla har ƙarshe, na yi dariya har da hawaye.

Na kuma binciki zuciyata a kan sallaya, ban samu abin da nake so ba. Dattijon da aka shaƙe ya tashi ya tafi gidansa lafiya, na san da haka tun a lokacin. Ba don Allah na yi fushi ba, don bakin matan islamiyya ne. Na ɗauki sunan Allah na rufe kunyata da shi, na bar ɗana a waje.

Saboda haka ga magana ba kwana-kwana: ban cika rantsuwata ba. Na karya ta da sanina. Na dafa shinkafar fadamarmu na ciyar da miskinai goma, Allah ya karɓa.

Gobe zan shiga motar Kano. Na wanke majanyin saƙin da na goya shi da shi, na sa a jaka. Kafin matarsa ta sauka, sai na koya masa inda ake ƙullewa.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Mairam, Uwar Gatari.