Na Daki Tukunyarsa Ban Duba Rigarsa Ba

Barba Frane, don Allah ka taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Shekarata talatin da ɗaya ina nutso a tekun tsibirinmu na Vis, ashirin daga ciki tare da abokina Zdravko. Ka san ƙa'idarmu: kafin a faɗa ruwa kowa zai duba kayan ɗan'uwansa, ya taɓa komai da hannunsa, sannan ya daki tukunyar iskarsa sau biyu, alamar komai lafiya. Ni ne ma mai yi wa sababbin shiga faɗa a kan haka.

To, ka san rigar da muke cika wa iska ko mu saki don daidaita hawa da sauka a ruwa. Bana Zdravko ya sayi sabuwar nan mara nauyi, wadda ake naɗewa kamar tawul, don tsohuwar tana sa shi ciwon baya. Na yi masa tsiya iya tsiya. Na ce, "Tsoho, rigar jikanka ka aro?" Ya ce, "Zo dai in nuna maka yadda take, sarkin taurin kai." Na ce wace riga ce ban gani ba a duniya? Alhali da na zo dubawa ban gane kanta ba sam. Babu tiyon nan na kafaɗar hagu da muka saba sakin iska da shi. Ga mutum shida a jirgi suna kallona, biyu ma ni na koya musu nutso. Kunya ta hana ni tambaya. Na shafa nan, na shafa can, na daki tukunya sau biyu.

Muna mita ashirin da biyar a ƙasa, zaren wata tsohuwar komar kamun kifi ya naɗe masa hannuwa. Garin kiciniya ya ɗan yi sama, iskar rigar ta kumbura ta fara jan sa. Na cafko shi, na kai hannu kafaɗarsa don in saki iskar, wayam! Ashe maɓallin sakin iskar yana ƙugunsa na dama. Ya kuɓuce mini, ina kallo ya yi sama a guje.

Fitowa a guje daga irin wannan zurfin illata jiki take yi, kwana huɗu ya yi a asibiti a birnin Split. Ya tashi, amma har yau yatsunsa biyu ba sa jin taɓi. Kowa a ƙungiyarmu ta masu nutso rigar yake zagi. Shi kuwa kansa yake zagi, wai tsufa ne ya kama shi, har ya sa kayan nutsonsa a kasuwa. Matarsa Nediljka gasasshen kifi ta aiko mini, wai na yi ƙoƙarin ceton mijinta. Na rantse ban iya cin kifin nan ba.

Ranar Asabar mai saye zai zo. In na faɗa, ina tsoron rasa abokina. In na yi shiru, zai bar teku saboda ƙaryata. Yaya zan yi?

Mai jin kunyar kansa, daga Vis

Ɗan'uwana,

Ka yi laifi, ba zan ɓoye maka ba. Dukan tukunya shaida ce, kai kuma ka ba da shaidar abin da ba ka gani ba, don kada a ce gwani ya yi tambaya.

Amma kada ka ɗora wa kanka kayan duka. Ba kai ka zubar da koma a teku ba. Zdravko ma, tun da ya san rigarsa baƙuwa ce, ya kamata ya kama hannunka ya ɗora a kan maɓallin ko kana so ko ba ka so. Ita rigar kuwa ba ta yi komai ba, ku daina zaginta.

Je ka same shi kafin Asabar, kai kaɗai. Faɗa masa yadda ka faɗa mini, ba kwana-kwana. Bayan shi sai Nediljka, sannan ƙungiya, a gaban ɗalibanka biyun nan, don su ji daga bakinka cewa tambaya ba ta rage wa gwani komai. Kada ka matsa masa ya koma ruwa, wannan tsakaninsa ne da likitansa.

Zai iya korar ka, zai iya yin watanni bai kula ka ba. Haƙƙinsa ne, ka jure. Amma mutumin nan yana zaune yana zargin shekarunsa, kuma kai kaɗai ka san ba su ba ne. Tashi ka tafi yau.

Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya ba ka ƙarfin buɗe baki.

Barba Frane