A Bar Ni In Binciki Ruwan Gayya

Zuwa ga Shugaban Makarantar Koyon Aikin Duba-gari.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da sauran malamanmu. Ni ne Abdu ɗan Malam Garba, mutumin Lahodu ta ƙasar Wurno, ɗalibinka na ajin ƙarshe, wanda En'e ta turo karatu. Na so a ce maganar nan a ofishinka muka yi ta, daga ni sai kai. Na yi ta zarya, kullum akawu ya ce kana da baƙi ko ka fita rangadi, har na gaji da zaman benci. Shi ya sa na kawo kukana jarida. Ba raini ba ne, lokaci ne ya ƙure mini.

Bisa ƙa'idar makaranta, ɗalibin da ya yi fice a jarrabawa shi ke zaɓar abin da zai bincika, in ya kammala a ba shi takardar shaida mai daraja ta ɗaya. Allah Ya sa ina cikin waɗanda suka yi ficen. Na zaɓi in binciki kurkunu a garinmu da ƙauyukan da ke kewaye, har zuwa Rara da gefen Goronyo. Aka soke zaɓina, aka ce in je in duba tsutsar sauro a randunan boyi-boyi da ke bayan gidajen bariki. Ga abin da nake so ka ji.

Na farko. An ce mini kurkunu ba ya bukatar bincike, don yana cikin littafi. Gaskiya ne yana ciki, kuma kai da kanka ka koya mana shi. Ka ce mai kurkunu in ya tsoma ƙafa a ruwa, tsutsar takan zuba 'ya'yanta, wasu ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su, wanda ya sha ruwan kuma sai baɗi war haka abin ya fito masa. Ranar da ka faɗi haka, wana Mamman na tuna, wanda kurkunu ke kwantarwa kowace damina. Amma littafi ruwa kawai ya ce. Bai ce wane ruwa ba, bai kuma ce wace rana ba. Mu a Lahodu rijiya muke sha a cikin gari, amma kowace damina sai kurkunu ya kwantar da majiya ƙarfinmu. To, a ina suke shan sa?

Na biyu, kuma shi ne zuciyar maganata. Akwai abin da nake zato, ban ce na tabbatar ba. A wajenmu in mutum ya kwanta da damina, ba a barin gonarsa ta mutu. 'Yan'uwa da maƙwabta sukan yi masa gayya, su taru rana guda su nome masa ita. Gonakinmu na tudu suna da nisa da rijiya, don haka mata sukan kai fura da nono a ƙwarya, su dama a bakin gona da ruwan tafkin da ya fi kusa. Mai gonar kuwa kunya ba ta barinsa ya kwanta a ɗaki mutane na yi masa wahala. Sai a ɗora shi a kan jaki a kai shi, ya zauna yana sa albarka. In zafin ƙafar ya ishe shi, ya ja jiki ya tsoma ta a tafkin nan, don ba abin da ke sanyaya raɗaɗin kurkunu kamar ruwa.

Da idona na ga wannan a gonar Mamman, ina gida hutu, tun ban san komai ba. Ni ma na sha furar, Allah dai Ya tsare ni. Da damina ta zagayo, da yawa daga cikin waɗanda suka yi masa noman su ne suka kwanta, aka shiga yi musu tasu gayyar. In zatona gaskiya ne, to, zumuncinmu ne ke raba mana cutar gida gida. Wannan magana tana da nauyi a bakina, ranka ya daɗe. Ba zan tsaya gaban dattawa in faɗe ta da zato ba. Sai na ɗebi ruwan na duba a madubin makaranta mai nuna ƙwarin da ido ba ya gani, na bi wanda ya sha da wanda bai sha ba.

Na uku. An ce bincike da rani ake yin sa, lokacin da hanya ke biyuwa, yadda malami zai iya zuwa ya duba ɗalibi. Da rani tafkunan nan sun ƙafe, awaki ke kwana a cikinsu. Wanda ya je neman kurkunu da rani zai dawo ya rubuta cewa Lahodu lafiya lau take. In mota ce matsala, tana kaiwa Achida ko da ruwa, daga nan ni zan kawo doki. Kullum ana ratsa wannan hanya da damina in aikin hukuma ya taso, ban taɓa jin an fasa ba.

Na huɗu. Randunan bariki ba su rasa mai duba su ba. 'Yan ajin da suka gabace mu sun duba su, na gabansu ma haka, har boyi-boyin sun san mu, da sun hango farar rigarmu sai su kifar da ruwan. Ban ce aikin banza ba ne, sauro ma yana kisa. Amma in na yi shi, abin da wani ya rubuta zan sake rubutawa da nawa hannun, a yaba mini, in koma gida da takarda. Da na je hutun da ya wuce, Inna ta dube ni ta ce, "Abdu, mi ad amfanin karatun ga naka in ba shi hidda muna kurkunu? Kowace shekara wanka na kwance, ɗiyanai na kallon rumbun mutane." Har yau maganar tana ci mini rai.

Maigari ma na same shi, na ɗan taɓa masa zancen a kaikaice. Bai kore ni ba. Ya ce, "Mu dai haka munka iske shi. In ka gano wani abu, taho ka gwada muna mu gani da idonmu." Dattijon da bai taɓa shiga aji ba ya yarda a bincika. Abin da ya ba ni mamaki, makarantar da ta koya mini bincike ita ce ta ce a'a.

Yanzu saƙo ya iso mini cewa ruwa ya sauka an yi shuka, ƙafar Mamman kuma ta sake yin ƙurji. An riga an sa ranar da za a yi masa gayya a noman farko.

Don haka ina roƙonka abu uku. A mayar mini da zaɓina. A ɗaga mini lokacin bincike ya faɗa cikin damina, ko da hakan zai sa 'yan ajinmu su riga ni fita. A kuma ba ni aron madubin makaranta ƙarami, ko a yarda in riƙa aiko da ruwa a kwalba ana dubawa. In kuma zatona kuskure ne, zan rubuta haka da hannuna, ba zan ɓoye ba.

Ina so ka ji wannan daga bakina, kada ka ji a wurin wani. Ranar gayyar nan ina Lahodu, da izini ko babu. Na san wanda ya bar makaranta ba izini korarsa ake yi, na kuma san abin da korar za ta jawo wa mahaifina a gaban waɗanda suka tsaya mini. Ina jin tsoron hakan ƙwarai. Amma ba zan iya tsayawa ina leƙa randar bariki ba, alhali a ranar ana dama wa mutanenmu fura da ruwan da nake zargi. In ka yarda, zan je a matsayin ɗalibinka, in dawo maka da abin da na gano. In ba ka yarda ba, zan je da ƙyallen tata da bakina kawai, in roƙe su su tace ruwan, ko su ji ko kada su ji.

Allah Ya ƙara maka lafiya da girma, Ya mayar da kai ƙasarku ka tarar da naka lafiya. Allah kada Ya nuna maka daminar da za ka kwanta da ƙafa a kumbure, kana jin ruwa na sauka, ka san ciyawa na cinye abincin 'ya'yanka.

Wassalam.

Ɗalibinka mai biyayya,
Abdu ɗan Malam Garba, Lahodu.