Ranar Haihuwar Ɗan Dada Ta Juye

Munawwara,

Mijinki da Rukayya abokiyar aikinki sun kusa cinye juna a falo, ni kuwa ina bayan labule, kin san hali. Wai ya buɗe tsohon fayil ɗinki na rigakafin jarirai a kwamfutarsa, sai rana ta koma wata, wata ya koma rana. Shi ya ce haka kika shigar tun farko, ita ta ce kwamfutarsa ce ta juya.

Na fito na ce a karanto min ranar haihuwar ɗan Dada ta Unguwar Ya. Wai uku ga watan sha ɗaya! Ƙarya ne. Ni na ci tuwon sunan nan ana tsananin zafi, goro ma bai isa ba. Sha ɗaya ga watan uku ne.

Kada ki kai sunayen asibiti gobe sai kin gyara, ki sa sunan wata ya fito ɓaro-ɓaro. In ba haka ba 'ya'yan mutane za su rasa allurarsu.

Na tafi Gwaram barka. Angon naki da ya ji shaidata ya suri hularsa ya fice, ya buga ƙofa har kalandar bango ta faɗo.

Kakarki Hapsatu