Ƙasan Kujerar Usta Shahat

Dumyat, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Narmin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya Alƙahira, ya aiki? Mamanki tana gaishe ki. Na ba direbanmu wannan takarda tare da cuku da alewar gida, don a waya ba kya bari in ƙarasa magana.

Shafin intanet ɗin da kika buɗe mini wata huɗu ke nan, ko mutum ɗaya bai kawo ba. Na rubuta "kujerun Dumyat" a Gugul, sai da na kai shafi na tara na ga sunana. Ni Shahat, da na bar makaranta a aji uku na fara da zarto ɗaya a bakin titi, har na zama Usta, wato babban kafinta. Maƙwabcina Hamada kuwa, mai lulluɓe katakon banza da ruwan zinare, shi ne a sama.

Kin ce in sa hotunan aikina. Ba zan sa ba. Kin san garin nan: ka fito da sabon zane ranar Asabar, kafin Alhamis ka gan shi a shago goma. Hotona da lambar waya sun isa.

Gaskiyar magana, aiki ya yanke. Kafintoci shida gare ni. Idan Babbar Salla ta same mu a haka, zan sallame su in rufe wurin.

Ki huta lafiya.
Babanki, Usta Shahat

Alƙahira, 9 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa, a gaida Mama. Cuku ya iso, na gode.

Baba, Gugul bai san ka ba, kuma ba ya jin nauyin gashin bakinka. Wanda ya amsa abin da mutane ke tambaya shi yake ɗagawa sama. Na duba, iyayen amare ba sunan kafinta suke nema ba. Abin da suka fi rubutawa shi ne yadda ake gane ainihin katakon nan mai ƙarfi da ake kira "zan", don kada a cuce su a kayan ɗaki. Duk Dumyat babu wanda ya amsa musu. Kai kuma shafinka hotonka ne kawai, kana harara.

Ka yi tunani. Allah ya ƙara girma.
Narmin

Dumyat, 20 ga Mayu

'Yata Narmin,

Gaisuwa da fatan alheri. Harara kika ce? Haka fuskata take.

Yanzu ki saurara ki ji dabarar babanki daga farko, don ke abin da na aiko miki kawai kika gani kika ɗora. Kwana biyu ina juya maganarki, sai wata Hajiya ta shigo da 'yarta. Ko kallon zanen ba ta yi ba, ta kifa kujera, ta ƙwanƙwasa ƙasanta, ta sa farce. Haka duk uwar amarya ke yi tun ina yaro. Na ce a raina, ashe nan ne kasuwar. Zane a sama yake, shi ake sata. Ƙasan kujerata kuwa, mai son sata sai ya sayi katako na gaske tukun.

Shi ya sa na kifa kujeru arba'in na ɗauki hoton ƙasansu, na rubuta bayanin da hannuna: ƙananan ɗigon da ke jikin zan, nauyinsa, ƙarar da yake yi, da haɗin da aka sassaƙa aka cusa, ba ƙusa ba gam. Na san kin cire inda na zagi mutane. Na yafe.

Jiya na duba, mu ne na farko. Na sake dubawa a wayar mai shayi don kada a ce tawa tana yi mini kara. Nan ma mu ne.

Hamada ya shigo yana huci. Ya ce, "Usta, ka tona asirin sana'a. Wata mata daga Asyut ta kifa mini kujera, waya a hannunta, tana karanto mini maganarka."

Na ce, "To, me ta gani?"

Ya ce, "Wannan ba tambayar maƙwabtaka ba ce."

Na ce, "Zauna ka sha shayi. Ka zauna da ƙarfinka, wannan ba ta karyewa."

Matar Asyut ɗin kuwa tana shagona a lokacin, tana zaɓar gado da teburin cin abinci.

Allah ya yi miki albarka. Ke ma kin ɗan taimaka.
Babanki

Dumyat, 15 ga Yuni

Narmin,

Barka da Salla. Ban sallami kowa ba, biyu ma na ƙara, aiki ya cika har Oktoba.

Hamada ya aiko a ba shi lambar wayarki. Na ce kin yi tafiya ƙasar waje, ba a san ranar dawowarki ba. In za ki zo gida, ki shigo ta ƙofar baya.

Babanki, Usta Shahat