Saukar 'Yata Ta Faɗo Rana Biyu a Wayata

Anti Baturiya, don Allah ki agaza mini, kaina ya ɗaure. Ni ma'aikaciyar ofis ce a Samaru, kuma ina cikin mutanen nan da in aka ce ga sabuwar manhaja, sai sun sauke ta sun ga abin da ke ciki. Yanzu haka ina da ta jera ayyuka, da ta ajiye bayanai, da ta kasafin kuɗi, ga kalandar waya, ga ta lokutan salla mai nuna kwanan watan Musulunci. Har zaure na buɗe a WhatsApp ni kaɗai a ciki, ina tura wa kaina saƙon murya in ina cikin Keke. Maigidana har Hajiya Sakatariya yake kirana don tsokana.

To, 'yata Halimatussa'adiya za ta yi saukar Alƙur'ani. Tun kafin Sha'aban ya kama, malaminsu na Islamiyya ya ce sha biyar ga wata za a yi. Na duba manhajar salla, ta nuna Asabar, na kwafa cikin ta ayyuka. Daga nan na faɗa wa Nwamaka, wadda take yi mini cincin da kek a Sabon Gari. Na tsara katin gayyata da kaina, na watsa wa dangi.

Ashe a nan ba a ga wata a daren da manhajar ta yi lissafi ba, sai washegari. Na ji sanarwa, na gyara manhajar salla, na gyara kalanda, ranar ta koma Lahadi. Da kalandar na yi magana da mai rumfa da kujeru na Dogarawa. Amma ta ayyukan tana nan da Asabar ɗinta, kullum tana tuna mini, ni kuma ina jin daɗi wai komai na tafiya daidai. Sadiya ce ta ga katin a wayar ƙawarta, ta zo ta ce mini a hankali ai Lahadi ce. Wallahi sai da na ji kunya ta kama ni.

Abin da ya fi damuna, yarinyar nan ba ta roƙe ni anko ko leshi ba. Abu ɗaya ta nema, kakarta ta zo ta ji karatunta. Hajiya tana Giwa, ƙafa ta matsa mata, ƙanena Suhail ne zai ɗauko ta, kuma Asabar ya nemi izini a shagon da yake aiki. Ban kira su ba tukuna. Nwamaka kuma ba ta kunna murhu ran Lahadi, coci take zuwa.

Ni dai abin har mamaki yake ba ni, Anti. Ta yaya mutum zai rubuta abu a wuri biyar kuma ya ɓace masa? Akwai manhaja ɗaya da take haɗa duka ne ban sani ba? Masu irin wannan hidimar yaya suke yi? Maigida ya ce in goge su kaf in koma yadda iyayenmu suke yi. Ni kuma ta kasafin nan ce ta hana ni taɓa kuɗin makaranta. Ko ni ce matsalar?

Uwar Mai Sauka, Samaru

'Yar'uwa, da farko barka da arziki, Allah Ya sa Alƙur'anin ya cece mu baki ɗaya.

Na yi dariya da na zo kan zauren da kike ke kaɗai, don ni ma ina da irinsa. Ba ke ce matsalar ba, manhajojin ma ba su yi miki ƙarya ba. Kowacce ta riƙe abin da kika ba ta. Sai dai ba sa magana da juna, ke ce mai kai saƙo tsakaninsu, kuma mai kai saƙo gida biyar wata rana sai ya tsallake ɗaya. Ga shi ita waya lissafi take yi, mu kuwa sai an ga wata.

Maigidanki yana da gaskiya cewa sun yi yawa, amma ban bi shi kan a goge duka ba. Ta kasafi tana yi miki aiki, ki bar ta. Manhajar da za ta haɗa komai kuwa, akwai masu kama da haka, amma kada ki soma koyon sabuwa ana tsakiyar hidima, ta shida kawai za ki ƙara.

Ki zaɓi ɗaya ta zama uwar gida, ni kalanda zan ce. Rana da lokaci a nan kaɗai za su zauna, sauran kada ki rubuta musu kwanan wata ko kaɗan. Saƙon muryar da kike tura wa kanki, ki riƙa kwashe shi zuwa can kullum in kin dawo gida. Duk ranar da aka ba ki da watan Musulunci, ki rubuta "sai an ga wata" a gefenta, kada ki buga kati sai wata ya tsaya. Gobe ki je wurin malam ya tabbatar miki da sunan ranar da bakinsa.

Nwamaka ba abin damuwa ba ce, ta kawo ran Asabar da yamma, cincin da kek ba sa lalacewa a kwana ɗaya. Dangi kuma kada ki dogara da sabon kati, mutane tsohon za su tuna. Ki ba maigidan naki mai tsokanar nan lambobinsu ya kira su ɗaya bayan ɗaya, tunda bakinsa na da kaifi.

Suhail ke za ki kira, yau ɗin nan, tun yana da damar sauya ranar. In shagon sun ƙi, ya kawo Hajiya ran Asabar ɗin ta kwana, Sadiya ta samu kakarta kwana biyu.

Ranar kuma, ki jefa wayar cikin jaka. In Sadiya ta ɗago daga allo tana neman fuskarku ke da Hajiya, ta tarar kuna kallonta. Allah Ya kai mu lafiya, Ya yi mata albarka.

Anti Baturiya